Awakin Haldane da Agogon Masu Nutso

Iyalin da suke nutso tare a teku da tukunyar iska a bayansu ba sa daɗewa kafin su ci karo da wani abin ɗaure kai. Uba da uwa da ɗansu matashi sun sauka tare, sun kai zurfi ɗaya, sun shaƙi iska iri ɗaya, amma na'urar da ke wuyan hannun ɗayansu tana cewa da sauran lokaci mai yawa, ta wani kuwa tana cewa a fara haramar tasowa. Babu kuma wadda ta lalace a cikinsu.

Wannan na'ura ita ce kwamfutar nutso. Siffarta ta agogon hannu ce, aikinta kuma auna zurfi da lokaci, sannan ta ƙiyasta mintocin da suka rage kafin tasowa kai tsaye ya zama haɗari ga rai. Kalmar da ya kamata a riƙe a nan ita ce ƙiyasi. Na'urar ba ta leƙa jinin kowa ba; lissafi take yi bisa wani zato game da jikin ɗan Adam, kuma zaton ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Duk mai son sayen irin wannan na'ura ga mutanen gidansa zai fi yin zaɓi na hankali idan ya san inda waɗannan zace-zace suka samo asali, domin tarihinsu ya haura shekara 150.

Ciwon da ya fara a gindin gada

Kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa naitirojin ce, iskar da jiki ba ya amfani da ita. A doron ƙasa tana shiga ta fita ba ta bar komai ba. A cikin ruwa kuwa, kowace mita 10 ta zurfi tana ƙara matsi daidai da nauyin dukan iskar da ke samanmu, ta yadda mai nutso a mita 30 yana shaƙar iska mai matsi ninki huɗu. A wannan hali naitirojin tana narkewa cikin jini da tsoka da kitse, kuma gwargwadon daɗewar mutum a ƙasa gwargwadon abin da jikinsa zai tara. Idan ya taso a hankali, huhu yana fitar da ita. Idan ya taso da gaggawa, sai ta koma kumfa a cikin jiki, kamar yadda lemon kwalba yake yi in an buɗe shi farat ɗaya. Kumfar nan tana sa ciwon gaɓoɓi mai tsanani, tana iya shanye ƙafafu idan ta taɓa laka, tana kuma iya kisa.

Waɗanda suka fara ɗanɗana wannan azaba da yawa leburorin gini ne. A 1841 injiniyan Faransa Jacques Triger ya yi amfani da matsattsiyar iska ya kore ruwa daga ramin haƙar kwal kusa da Kogin Loire, kuma daga baya masu gina gadoji suka ɗauki dabarar: a kifa wani ƙaton akwati marar gindi a ƙasan kogi, a hura masa iska har ruwan ya fita, ma'aikata su shiga ciki su yi haƙa. A aikin gadar Eads da ke kan Kogin Misisipi a St. Louis, a farkon shekarun 1870, fiye da ma'aikata 10 suka mutu bayan sun fito daga irin wannan akwati. A gadar Brooklyn ta New York, likitan aikin, Andrew Smith, ya rubuta bayanin mutum 110 da ciwon ya kama. Babban injiniyan kansa, Washington Roebling, ya kwanta da shi a 1872 bai ƙara komawa wurin aikin da ƙarfinsa ba. Matarsa Emily ce ta riƙa kai umarninsa da sa ido a kan ginin har aka buɗe gadar a 1883. Ma'aikatan sun laƙaba wa ciwon suna mai ma'anar lanƙwashewa, saboda yadda wanda ya kamu yake tafiya a duƙe.

A 1878 masanin Faransa Paul Bert ya wallafa babban littafinsa a kan matsin iska, inda ya tabbatar cewa kumfar naitirojin ce sanadi, ya kuma ba da shawarar a riƙa rage matsi sannu a hankali. Shawara ce mai kyau, sai dai ba ta faɗi adadi ba. Sannu kamar yaya? Minti nawa, a wane zurfi?

Awaki da zango

Rundunar ruwan Birtaniya ta miƙa wannan tambaya ga John Scott Haldane, masanin numfashi ɗan Sikotilan. Shi da Arthur Boycott da wani hafsan ruwa, Guybon Damant, suka yi ta saka awaki a ɗakin matsin iska na Cibiyar Lister da ke Landan, suna ƙara matsi suna ragewa, suna lura da wace akuya ce ta fara ɗingishi. Sun zaɓi awaki ne domin ƙananan dabbobi irin su ɓeraye suna fitar da iskar da sauri ƙwarai, akuya kuwa ta fi kusa da mutum a girma da zagayawar jini.

Sakamakon da suka wallafa a 1908 ya tsaya a kan ginshiƙai biyu. Na farko, Haldane ya lura cewa wanda ya yi aiki a zurfin da bai wuce kamar mita 10 ba yana tasowa lafiya komai daɗewarsa, wato jiki yana jure a rage masa matsi da rabi. Na biyu, sassan jiki ba sa shan naitirojin da sauri ɗaya: jini da ƙwaƙwalwa suna cika da wuri su zube da wuri, kitse da gaɓoɓi kuwa suna jinkiri a duka biyun. Don haka ya ɗauki jiki tamkar rumbuna biyar na ƙiyasi, kowanne da lokacin da yake ɗauka ya cika rabi: minti 5, 10, 20, 40 da 75. Daga nan ya fitar da jadawalin tasowa zango-zango, inda mai nutso zai taso da ɗan sauri zuwa wani zurfi, ya tsaya, ya ƙara tasowa mita 3, ya sake tsayawa, har ya fito.

Kafin wallafawar an gwada dabarar a kan mutane a mashigin ruwan Loch Striven na Sikotilan a 1906, kuma cikin waɗanda aka zura wa kayan nutso har da ɗan Haldane mai shekara 13, wanda daga baya ya shahara da sunan J.B.S. Haldane a ilimin gadon halitta. Rundunar ta karɓi jadawalin, ciwon kuma ya ragu ƙwarai a tsakanin masu nutsonta.

Abin lura shi ne rumbunan nan biyar ba wasu gaɓoɓi ba ne da likita zai iya nunawa da yatsa. Lambobi ne da aka zaɓa domin sun dace da abin da aka gani a jikin awaki da mutane. Yawancin kwamfutocin nutso na yau jikokin wannan dabara ne, an dai ƙara yawan rumbunan an kuma gyara iyakokinsu.

Daga takarda zuwa wuyan hannu

A 1943 Jacques-Yves Cousteau da injiniya Émile Gagnan suka kammala na'urar da ke ba mai nutso iska daga tukunyar da ke bayansa daidai da matsin ruwan da yake ciki. Wannan ya raba mai nutso da dogon tiyo da jirgin da ke samansa, ya kuma buɗe teku ga masu sha'awa. Matar Cousteau, Simone, da 'ya'yansu Jean-Michel da Philippe suna cikin waɗanda suka fara amfani da ita, yaran tun suna ƙanana. Nutson iyali ya girmi kwamfutar nutso da kusan shekara 40.

Waɗannan sababbin masu nutso sun gaji jadawalin sojoji, musamman na rundunar ruwan Amurka na shekarun 1950, wanda aka tsara domin wani irin aiki dabam. Sojan ruwa yana sauka wuri ɗaya, ya yi aikinsa, a jawo shi. Jadawalin yana ɗauka cewa dukan lokacin an yi shi ne a wuri mafi zurfi. Mai yawon kallon kifi kuwa yana iya taɓa mita 30 na minti 5, sannan ya ƙarasa yawonsa a mita 12, amma takardar za ta yi masa hisabi kamar bai bar mita 30 ba, ta kore shi daga ruwa alhali tukunyarsa da sauran iska mai yawa.

Ƙoƙarin farko na warware wannan bai yi armashi ba. Na'urar Foxboro ta 1955 ta faɗi a gwajin rundunar ruwan Amurka. A 1959 kamfanin SOS na Italiya ya fito da wata wadda iska ke ratsa wani tukunkumin yumɓu mai ƙananan ƙofofi a cikinta, allura kuma tana nuna yadda ake zaton jiki ya cika. Ta yi kasuwa na tsawon shekaru, amma a nutso mai zurfi tana ba da lokacin da ya wuce kima, har masu nutso suka yi mata laƙabin ba'a da ke nufin injin kawo ciwon lanƙwasa. A Kanada, Derek Kidd da Royston Stubbs sun ƙera wata mai aiki da iska a 1962, kuma dubban gwaje-gwajen da suka biyo bayanta ne suka haifar da jadawalin Kanada da ya yi suna wajen taka-tsantsan.

Shekarar 1983 ce ta sauya al'amarin. A Amurka kamfanin Orca ya fito da Edge, wadda Craig Barshinger da Karl Huggins suka tsara: tana da rumbuna 12, tana sake lissafi kowane ɗan lokaci gwargwadon zurfin da ake ciki, nauyinta ya haura rabin kilo har aka riƙa kiranta bulo, kuɗinta kuma dala 675. A shekarar ce kuma wani kamfanin Suwizalan ya fito da DecoBrain, sannan Farfesa Albert Bühlmann na asibitin Jami'ar Zurich ya wallafa littafinsa a kan rage matsi. Bühlmann ya shafe shekaru fiye da 20 yana wannan bincike. Shi ne ya yi aiki da Hannes Keller, wanda ya kai zurfin da ya haura mita 300 kusa da Tsibirin Catalina na Kalifoniya a 1962, nutson da abokinsa Peter Small ya rasa ransa a ciki. Ya kuma damu da tafkunan kan duwatsun ƙasarsa, inda ƙarancin matsin iskar sama yake sa jadawalin bakin teku ya zama haɗari. Tsarinsa mai suna ZH-L16 yana da rumbuna 16, daga mai cika rabi cikin minti 4 ko 5 zuwa mai ɗaukar minti 635. Muhimmin abin da ya yi shi ne ya baje lambobinsa a fili, kowa ya gani ya gwada. Zuwa 1987, da fitowar Aladin ta kamfanin Uwatec da SME ta kamfanin Suunto na Finlan, kwamfutar nutso ta zama ƙarama ta kuma fara shiga hannun kowa.

Inda masana suka rabu

Tun a shekarun 1970 Merrill Spencer ya nuna, da na'urar sauraron jini, cewa ƙananan kumfa suna yawo a jijiyoyin masu nutso da yawa waɗanda ba su ji ciwon komai ba. Iyakar da ke tsakanin lafiya da ciwo ashe fili ne mai faɗi, kuma kowane mai tsara jadawali sai ya yanke wa kansa inda zai ja layi a cikinsa. Shi ya sa a zurfin mita 30 tsohon jadawalin sojan ruwan Amurka ya ba da minti 25, na ƙungiyar horarwa ta PADI da ya fito a 1988 ya ba da 20, na Kanada kuwa 15. Ruwa ɗaya, jiki ɗaya, amsa uku.

Daga binciken kumfa wata makarantar tunani ta taso. David Yount na Jami'ar Hawaii da Bruce Wienke suka tsara lissafin da ke ƙoƙarin hana kumfar girma tun tana ƙarama, wanda ke sa a fara yin zango tun daga wuri mai zurfi. Suunto ta ɗauki wani nau'i na tsarin Wienke, mai suna RGBM, a ƙarshen shekarun 1990, wasu kamfanoni kuma suka bi. Na'urorin da ke wannan tsari sun yi suna wajen tsuke lokaci a nutso na biyu da na uku a rana ɗaya, musamman in hutun da ke tsakani gajere ne ko an taso da sauri. A ɗaya ɓangaren, injiniya Erik Baker ya bayyana wata hanya mai sauƙi ta ƙara wa tsarin Bühlmann taka-tsantsan da lambobi biyu da mai na'ura zai iya saitawa da kansa. Sannan a 2011 sashen gwaje-gwajen nutso na rundunar ruwan Amurka ya wallafa sakamakon wani gwaji da ya nuna cewa, a nutson da aka gwada, jadawali mai zurfafan zanguna ya fi kawo ciwo a kan mai zangunan kusa da sama. Tun daga lokacin kasuwa ta karkata ga Bühlmann: Shearwater ta Kanada, da jerin Descent na Garmin, da manhajar Oceanic+ da ta mayar da Apple Watch Ultra kwamfutar nutso a 2022, duk a kansa suke, kuma Suunto kanta ta saka shi a wasu sababbin na'urorinta.

Wannan shi ne asalin saɓanin da iyali suke gani a ƙarƙashin ruwa. Na'urori biyu masu lafiya, kowacce tana bin hukuncin wani masani a kan yawan kasadar da ta halatta.

Ƙa'idojin Catalina

A 1988 ƙungiyar masana kimiyyar ƙarƙashin ruwa ta Amurka, AAUS, ta tara masu bincike da masu ƙera na'urori a Tsibirin Catalina domin a fitar da ƙa'idojin amfani da wannan sabon abu. Biyu daga cikin ƙa'idojin kamar don iyali aka rubuta su.

Ta farko ta ce kowane mai nutso ya mallaki tasa na'urar. Dalilin a fili yake ga wanda ya fahimci rumbunan Haldane: naitirojin ta nutson safe tana nan a jiki lokacin na yamma, ta jiya ma ba ta gama fita ba, kuma na'urar tana riƙe da wannan lissafi na mutum ɗaya tak. Gidan da ya sayi guda biyu domin mutum huɗu su riƙa karɓa-karɓa ya sayi lissafin da bai dace da kowa ba. Ko miji da mata da ke iyo kafaɗa da kafaɗa, ɗaya yakan fi ɗaya nutsewa da mita 2 ko 3, kuma a zurfi wannan ɗan bambanci yana cin mintoci. Idan kuɗi bai kai ba, huɗu masu araha sun fi biyu masu tsada. Idan kuwa haya za a yi a wurin hutu, kowa ya riƙe wadda aka ba shi daga ranar farko har ta ƙarshe.

Ta biyu ta ce abokan nutso su bi wadda ta fi tsanani a cikin na'urorinsu. Ma'anar wannan ga mai saye ita ce na'ura mafi tsuke lokaci ita ce za ta mulki gidan gaba ɗaya, kuma duk kuɗin da aka kashe a kan mai sassauci bai ƙara wa kowa minti ɗaya ba. Saboda haka ya fi dacewa dukansu su kasance a kan tsarin lissafi ɗaya, a kuma saita su a matakin taka-tsantsan ɗaya, ko da farashinsu da kamfaninsu sun bambanta. Akwai kuma fa'idar da ta fi wannan: uwar da ta kama hannun 'yarta a mita 15 ta dubi fuskar na'urar tana bukatar ta gane lambobin nan take, ba tare da laluben inda aka ajiye zurfi da inda aka ajiye lokaci ba.

Bayan wannan sai bukatun kowa. Wanda ya haura shekara 40, idonsa ya fara gajiya da ƙananan rubutu, babbar fuska mai haske ta fi masa ƙaramin agogo na ado. Yaro kuwa yana bukatar mai sauƙi, mai ƙarar gargaɗi da za a saita a iyakarsa. A tsarin PADI ana fara ba da shaidar nutso daga shekara 10, kuma ɗan shekara 10 ko 11 ba ya wuce mita 12, wanda ke nufin wannan ce iyakar duk wanda ke tare da shi. Ya kamata kowace na'ura ta iya lissafin iska mai ƙarin oksijin, irin ta kashi 32 cikin ɗari da ake yawan bayarwa a wuraren nutso, a kuma duba saitin kowa kafin a shiga ruwa, domin na'urar da aka gaya wa kashi 32 alhali mai ita iska zalla yake shaƙa za ta ba shi lokacin da bai da shi. Wanda ke zaune nesa da shagon gyara ya tambayi yadda ake sauya batir ko cajinsa. Ya kuma san cewa wasu na'urori suna kulle kansu na awa 24 ko 48 idan aka tsallake zangon dole, abin da bai kamata a ɗauke shi matsalar da za a kauce wa da aron ta ɗan'uwa ba.

Abin da ba a rubuta a fuskar agogo ba

Yawancin mutanen da aka gwada waɗannan lissafai a kansu maza ne baligai masu ƙoshin lafiya, da dama daga cikinsu sojoji. Na'urar ba ta san shekarun mai ɗaure da ita ba, ba ta san ya kwana bai yi barci ba ko jikinsa na ƙarancin ruwa, galibinsu kuma ba su san ya sha wahalar iyo da igiyar ruwa ba. Ba ta san cewa kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana da wata 'yar ƙofa da ba ta gama rufewa ba tsakanin ɗakunan sama na zuciyarsa, wadda bincike tun daga 1989 ya danganta da wasu nau'o'in wannan ciwo, domin kumfa na iya bi ta nan ta tsallake matatar huhu. Shi ya sa ake samun wanda ya kamu alhali bai saɓa wa na'urarsa ko sau ɗaya ba.

Abin da ya rage a hannun mutum shi ne ɗabi'a. Rundunar ruwan Amurka ta shafe shekaru tana yarda da tasowar mita 18 a minti, kafin ta rage zuwa mita 9 a 1993. Tsayawar minti 3 a zurfin mita 5 kafin fitowa ta zama al'adar masu nutson sha'awa ko da na'ura ba ta wajabta ba. Hawa jirgin sama ma rage matsi ne, don haka shawarar ƙungiyar DAN, wadda aka kafa a Jami'ar Duke a 1980, ita ce a jira aƙalla awa 12 bayan nutso guda, awa 18 bayan nutso da yawa ko na kwanaki a jere. Iyalin da suka je hutu Bahar Maliya ko Zanzibar sai su bar ranar ƙarshe ta zama ta yawo a tudu.

Lambar da ke raguwa a fuskar agogon iyaka ce da wani masani ya ja bisa abin da ya gani a jikin wasu mutane dabam, kuma babu lada ga wanda ya cinye ta har ƙarshe. Uban da ya saba juyawa da sauran minti 5 ko fiye, ya kuma ɗabi'antu da tsayawa zango ko da yara suna ɗokin fita, yana koya musu abin da Haldane ya fitar daga ɗingishin awakinsa. Hausawa sun riga sun faɗi irinsa game da tafiyar tudu: hanyar lafiya, a bi ta da shekara.